Asabar ɗin da Saniyarmu Ta Yi Naƙuda

A shekarun da sojoji ke mulki, lokacin da aka mai da Asabar ɗin ƙarshen kowane wata ranar tsafta, ina koyarwa a wata firamare da ke bakin GRA a Maiduguri. Yawancin yaran ajina 'ya'yan manyan ma'aikata ne, direbobi ke sauke su a bakin ƙofa. Ni kuwa daga unguwar Galtimari nake zuwa, daga gidan da shanu suka fi mutane yawa.

Mahaifina makiyayi ne tun tasowarsa. Fari ne ya cinye masa garke, ya tattara abin da ya rage ya shigo gari, ya zama dillali a kasuwar shanu. Amma bai yarda ya rabu da sauran shanun ba. Ya kafa musu turaku a filin da ke bayan ɗakunanmu, kullum da asuba sai ya zaga su ɗaya bayan ɗaya, yana shafa su yana yi musu magana kamar mutane. Tun da na samu aikin koyarwa ya daina kiran sunana, ya koma ce mini Malam, har a gaban abokansa.

A makaranta babu wanda ya san wannan gida. Takalman roba nake sakawa in ratsa kashin shanu, takalman aiki kuma suna cikin leda a hammatata. Sai na isa bakin titi inda muke jiran bas nake sauyawa, in ɓoye na robar a wajen wani mai shayi. Da hunturu mukan cunkushe a cikin bas ɗin, kowa ya naɗe kai da rawani ko mayafi, tagogi a rufe ruf, ni kuma ina ta sunsuna hannun rigata ko warin garke ya biyo ni.

Ni aka ɗora wa koyar da darasin tsafta. Har na tsara wa yaran wata 'yar waƙa a kan shara da wanke hannu, wadda ke cewa ƙazami abokin ƙuda ne. Hedimasta ya ji daɗinta ƙwarai, ya ce ranar tsafta mai zuwa yaran za su fito da tsintsiyoyi su bi ayarin manyan da ke zagayen duba unguwanni, suna rerawa. Ni ya kamata in ja su. Amma a wannan makon wata jar saniyarmu ta kai watan haihuwa, Baba ya ce kada in yi nisa. Na je na ce wa hedimasta ina da uzurin gida, ban faɗi ko wane iri ba, ya haɗa yaran da wata malama.

Safiyar Asabar ɗin sanyi ya sauko irin wanda ke sa ruwan randa ya zama kamar ƙanƙara. Muna idar da sallah Baba ya kira ni bayan gida. Saniyar na kwance a gefe ɗaya, tana nishi, ƙafar ɗan maraƙi guda ɗaya ta leƙo ta tsaya. Na durƙusa na riƙe mata kai, shi kuma ya tura hannu har gwiwa yana ƙoƙarin juya ɗan, ya kasa. Akwai wani dattijo Balaraben Shuwa a unguwar Jiddari Polo da ya shahara da wannan aiki.

"Malam, hau keke ka ɗauko mini shi," in ji Baba.

"Baba, yau fa ranar tsafta ce. Ba a fita sai hantsi."

Ya ɗago ya dube ni, gumi na zuba a goshinsa duk da sanyin. "Ita saniyar ta san ranar tsafta ce?"

Ban ma koma ɗaki na sauya kaya ba. Tsohon wandon da nake shiga garke da shi ne a jikina, duk jini da kashin shanu, na yafa bargon Baba, na zura takalman roba, na hau keke.

Na bi lunguna ina kauce wa manyan tituna. Ko'ina mata na shara a ƙofar gida, maza na ƙona bola, hayaƙi ya kwanta ƙasa-ƙasa a ƙarƙashin itatuwan darbejiya. Na kusa kaiwa filin polo ke nan, dole sai na tsallaka babban titi. Ina hawa kwalta na ji usur.

Soja ne guda da wasu 'yan duba-gari. Na sauka na gaishe su, na fara bayani: saniya, naƙuda, dattijo. Sojan ya dube ni tun daga takalmi har bargo.

"Kowa da labarinsa," ya ce da Hausar da ba ta zauna a bakinsa ba. "Jingine keken. Shiga can."

Da na so, da na ce masa ni malamin makaranta ne. Kalmar ta zo har bakina, na dubi wandona, na haɗiye ta. Wa zai yarda? In ma ya yarda, ai ya fi muni.

Inda ya nuna mini kwata ce babba a gefen titi, cike da baƙin ruwa da ledoji da ɓawon rake. Akwai waɗanda aka riga aka kama a ciki: wani mai burodi, wani ɗan kasuwa da babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa, da wani tsoho da ya ce asibiti za shi. Aka miƙo mini shebur. Na shiga, ruwan ya kai mini ƙwauri, sanyinsa ya ratsa ni har haƙora. Muka shiga kwasar laka muna jibgewa a bakin titi. Ban damu da warin ba. Tunanina na kan saniyar da Baba da ke durƙushe yana jira.

Can sai na jiyo waƙa daga nesa. Tun kafin in gane kalmomin na gane muryoyin. Motocin manya ne suka taho a hankali, a bayansu yarana cikin fararen riguna da suwaita, kowa da tsintsiya a kafaɗa, malamar na gefe tana tafa musu. Waƙata suke rerawa, kuma ba su yi kuskure ko ɗaya ba.

Na ja bargon na rufe kaina, na juya baya, na duƙa kamar mai neman wani abu a cikin laka. Da ayarin ya wuce kawai, da shi ke nan. Amma motar gaba ta tsaya daidai kanmu. Wani babba ya fito, ya ce a kawo yaran su ga yadda ake yi wa masu karya doka. Sojan ya daka mana tsawa mu miƙe mu fuskanci titi. Ni kuma ya sa bakin sandarsa ya zame bargon daga kaina.

Waƙar ta mutu daga layin gaba zuwa na baya. Na ga idanunsu, na ga malamar ta kai hannu baki. Sai wata yarinya da ke zama a bencin gaba, wadda ita ke ba da umarnin gaisuwa kullum in na shiga aji, ta yi abin da na koya mata. Ta ƙame ta ce, "A gaida Malam!" Duk suka amsa baki ɗaya, da ƙarfi, yadda na sha nanata musu: "Ina kwana, Malam!"

Ban san abin da ya sa na amsa ba, amma na amsa. Ina tsaye cikin kwata da shebur a hannu na ce, "Lafiya lau, yara."

Babban ya juya wajen malamar. "Malaminsu ne?" Ta ɗaga kai ba tare da ta dube ni ba. Ya gyara hularsa, ya ce wa sojan a sallame ni, ya koma mota. Na fi son da ya zage ni. Na fito ruwa na ɗiga daga wandona, yaran suka dare suka ba ni hanya, na ɗauki keke na tafi ban waiwaya ba.

Na samu dattijon, na goyo shi a baya. Ko da muka isa, maraƙin ya riga ya mutu a ciki. Da ƙyar dattijon ya fitar da shi, saniyar dai ta rayu. Baba ya dubi ƙafafuna, ya ga baƙar lakar da ba ta garke ba ce, ya tambaye ni. Na ce masa sojoji ne suka tsare ni kaɗan. Ban faɗi sauran ba.

Ranar Litinin na shiga aji kamar mai shiga kotu. Babu wanda ya yi dariya. Sun gaishe ni a hankali, suka zauna, suka yi tsit irin wanda ban taɓa samu daga gare su ba. Na juya ina rubutu a allo, ina jin idanunsu a ƙafafuna. Hedimasta ya kira ni ofis da tara, ya ce, "Haba Malam, da ka gaya mini abin da ke akwai, ai da na nema maka izinin fita." Malamar kuwa ta daina haɗa ido da ni har ƙarshen zangon. Darasin tsafta na ci gaba da koyar da shi, amma waƙar ban sake sa su rera ta ba, su ma ba su tambaya ba.

Mai burodin da muka sha kwata tare ashe yana kai burodi wajen mai shayin unguwarmu. Ta nan labarin ya zagayo har kunnen Baba, da gaisuwar yaran da komai. Wata yamma na dawo na tarar da shi zaune a kan tabarma a zaure. Ya ce in zauna.

"Ashe a gaban ɗalibanka aka yi?"

"Ya wuce, Baba."

"Ni na aike ka," ya ce. "Da kayan garke na fitar da kai titi." Ya daɗe yana murza carbi. "Gari ba wurin shanu ba ne. Na daɗe da sani."

Na ce masa ba laifinsa ba ne, ba laifin shanun ba ne, ya bar maganar. Bai saurare ni ba. Kafin sanyin ya ƙare ya kira wani ƙanensa da ke zaune a wani ƙauye a hanyar Damboa, suka kora shanun gaba ɗaya, har da jar saniyar da ke tafiya tana ɗingishi. Na raka su har bayan gari. Ina tafe a bayansu ina jin wani sauƙi yana shiga ƙirjina, sai kunyar wannan sauƙin ta rufe ni, ta fi ta kwata nauyi. Na dubi Baba, yana gaba da sanda a kafaɗa.

Daga nan ya ɗauki al'adar zuwa ƙauyen duk ƙarshen mako. Ni nake kai shi tasha a kan keke, ya zauna a baya ya riƙe ƙullin gishiri da dusa a cinyarsa. Motocin ƙauye ba sa tashi sai sun cika, don haka mukan zauna a benci muna jira. Wata rana na ce masa in yana so a dawo da ko guda biyu ne, ni ba ni da damuwa. Ya girgiza kai.

"Sun saba da can," ya ce. "Ciyawa ta fi yawa. Har ma sun yi ƙiba."

Yaron mota ya fara kiran fasinja. Baba ya shiga, na miƙa masa ƙullin ta taga, ya ce in gaya wa Inna kada ta ajiye masa tuwon dare, sai gobe zai dawo.