Gatarin da Aka Ce In Jingina

Har yau in na ji ƙanshin ɗanyen itacen ƙirya, sai hannuna na dama ya yi sanyi. Na tsufa, haƙora sun zube, amma wannan abu bai sake ni ba.

A wani ƙauye tsakanin Tasawa da Korgom na tashi, tun Nasara ba su taka ƙasar ba. Kakana na wajen uba masassaƙi ne. Turmi, akushi, ƙotar fartanya, duk na garin daga hannunsa suka fito. Mutum ne mai rowar magana. In ya aike ka ba ya faɗin dalili, in ka tambaya ya ce kunnenka ya fi kanka girma. Ni kuwa a lokacin rawar kai ta yi mini yawa, ina ɗokin a ce na iya.

Wata rana da rani, bayan an gama kai hatsi rumbu, ya miƙo mini gatarinsa.

"Tahi ga ƙiryar nan ta bakin fadama, ka jingina mata wanga, ka komo."

A hanya na yi wa maganar fassara da kaina. Na ce tsoho baya ke damunsa, ba ya son ɗaukar gatari gobe. To, tunda ga ni ga itace, me zai hana in rage masa aiki?

Rana tana tsaka na isa. Na tofa yawu a tafi, na kai sara. Na ƙara. A na uku kurciyoyi suka yi tsit, iska ta tsaya cak. Sai na ji daka daga cikin kututturen, lugude sosai, irin na mata biyu a turmi ɗaya. Can aka tsaya, kamar yadda mace ke tsayar da taɓarya ta ji wa ke bakin ƙofa.

Ban san yadda na kai gida ba. Gatarin na hannuna, yatsuna sun ƙage a kan ƙotar, sun ƙi buɗuwa, sanyi yana hawa zuwa gwiwar hannu. Uwata ta ɗora hannu a ka. Kaka ya dubi jan ɓawon da ke bakin gatarin.

"Mi na ce ka yi?"

"Ka ce in jingina, Kaka."

"Jinginawar nan sallama ce. Kwana ukku akan ba masu wurin. In gatari na tsaye sun tashi, in ya hwaɗi sun ƙiya. Kai ka tarad da mutane cikin gidansu, ka sari ƙohwa."

Da la'asar ya ɗauki ƙwaryar gumba, ya ja ni muka koma. Ya ajiye ta a gindin itacen, ya ɗora tafinsa na dama a kan saran nan uku, ya yi magana a hankali kamar mai ba maƙwabci haƙuri.

"Yaro bai sani ba. Ni na aiko shi, ni na ɓoye mishi dalili. Gatari nawa ne, hannu ma nawa ne."

Kafin mu kai gida gatarin ya suɓuce mini, yatsuna suka saki. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Washegari Kaka ya ɗauki gizagonsa zai fafe akushi, gizagon ya faɗi ƙasa. Hannun nan bai sake riƙe ko ludayi ba har ya koma ga Allah.

Limamin garinmu ya ce shanyewar tsufa ce kawai. Mai yiwuwa. Abin da na sani, mai rowar maganar nan ya koma mai surutu. Shekara bakwai yana zaune a bayana ina sassaƙa, kowane sara sai ya faɗi dalilinsa, har in gaji. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi duka ciwo.

Yanzu masu zarto da ƙusa sun cika kasuwar Mayahi, suna kayar da itace ba ko sallama, ban ga abin da ya same su ba. Jikokina dariya suke in na tsare su da dogon bayani kafin aike. Su yi ta yi. Ban san adadin turamen da na sassaƙa ba, amma dukansu da hannun aro na yi su, mai shi kuwa bai taɓa cewa in mayar ba.