Ɗanjuma Mai Basilla, Wanda Ya Ƙi Ɗinka Wa Buhu Hula

Duk wanda ya taɓa bi ta tashar lodi ta bakin iyaka, can inda hanyar Bagudo take faɗawa ƙasar Benin, ya ga Malam Ɗanjuma ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan da ke zaune kan tsohuwar taya a gindin maɗaci, basilla soke a gefen hula, igiyoyi rataye a wuya. Mutumin Bahindi ne, sana'a ta kawo shi nan tun yana saurayi. Kafin direbobi su gama shan shayin safe ya riga ya wasa basillarsa a dutse, ya yayyanka igiya, ya zauna jiran buhu. Aikinsa ɗinkin bakin buhu. A cika da masara ko wake, ya matse bakin, ya ɗinke, ya bar kunnuwa biyu waɗanda 'yan dako za su kama. Kowane mai ɗinki a tashar yana da alamarsa, don in buhu ya fashe a hanya a san hannun wa. Alamar Ɗanjuma ƙulli uku ne a kunnen dama, kuma shekara talatin da biyar ba a taɓa dawo masa da ƙara ba.

Amma ba don ƙarfin ɗinki nake wannan rubutu ba. Akwai abin da yake yi kafin ƙullin ƙarshe. Yakan miƙe, ya kama kunnen buhun, ya jingino shi a gwiwarsa. In buhun ya taso, ya ƙulle. In ya ƙi, sai ya zare igiyarsa ya dubi mai kaya ya ce, "Rage." Ko wane ne kai, ko motarka na ƙugi a bakin titi, ko ka kira shi da sunan ubansa, kalmar ɗaya ce. Wannan "rage" ba da ita aka haife shi ba. Da tsada ya saye ta, kuma ba shi kaɗai ya biya ba.

Shekaru kaɗan bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, aka zo da labarin shugabannin ƙasarmu da na Benin sun sa hannu a wata yarjejeniya ta sassauta ciniki. Aka yi murna, ni ma na yi. Takarda ce mai kauri, ta yi maganar masara, ta yi maganar albasa, ta yi maganar mota da tayoyinta da takardun direba. Daga cikin abin da ta ce, motar amfanin gona da ba ta wuce buhu ɗari biyu ba ta wuce babu haraji. Buhu suka ce. Ba su ce ga nauyinsa ba, don wallahi cikin waɗanda suka rubuta babu wanda ya taɓa ɗora buhu a ƙeyarsa. Mutumin da zai ɗauki kayan kuwa, daga bangon farko har na ƙarshe babu layi ɗaya da ya san da zamansa.

Ɗan kasuwa ba ya barci. Alhaji Maliki, wanda ya fi kowa hatsi a tashar, shi ya fara kawo dabarar: a raba buhu gida biyu, a jona rabin a bakin wani, a cika har sama. Buhu ɗaya a ƙidaya, buhu da rabi a baya. Aka sa masa suna mai hula. Kuma bari in faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa wannan jinjina tawa daɗi ba, duk tashar babu wanda ya kai Ɗanjuma iya jona hula. Layin ɗinkinsa ba ya yoyon ƙwaya ɗaya. Har alfahari yake yi, yana cewa a jefo buhunsa daga kan tirela ba zai yi tari ba.

Akwai wani ɗan dako ana ce masa Manu, mutumin Lafagu, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Shi da Ɗanjuma kwano ɗaya suke ci da rana. Ƙato ne, irin wanda in ya hau katakon da ake jinginawa a jikin mota sai katakon ya yi kuka. Wata Talata da hantsi aka ɗora masa mai hula, ya kai tsakiyar katako, ƙafarsa ta goce. Bai faɗi shi kaɗai ba, buhun ya biyo shi ya sauka a ƙugunsa. Ɗanjuma na cikin waɗanda suka ruga suka mirgine buhun. Da ya kama kunnen dama sai ya ji ƙulli uku a tafin hannunsa.

A asibiti aka ce ƙafafun Manu ba za su sake ɗaukarsa ba. Da aka mai da shi Lafagu, Ɗanjuma ya je dubiya. Asama'u matar Manu ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma bakin ƙofa. Can ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Malam, an ce buhun ɗinkinka na."

"Awo," in ji shi. "Nawa na."

Bai kawo uzuri ba, bai ce aikin Alhaji ne ba, bai ce ƙaddara ce ba ko da yake ita ce. Ruwan ma ya kasa sha.

Kashegari aka jera masa buhuna da rabe-rabensu kamar kullum, ya zauna ya harɗe hannu. Alhaji Maliki ya fito daga rumfa yana gyara babbar riga.

"Ɗanjuma, mi ka faruwa? Mota na jira."

"Alhaji, na bar hula."

"Kai ka ji min mutum! Takarda buhu tac ce. Ta ce maka mai hula ko maras hula?"

"Takarda ba ta hawa katako, Alhaji. Manu ka hawa, kuma ka san inda yake kwance."

"Allah shi ba shi lafiya. Amma ka sani, iyaka buɗe take. In ku kun gaji, ga mutanen tsallake can, da rabin abin da nika ba ku za su ɗinka su ɗauka, har su yi godiya."

Kuma ya cika maganarsa. Cikin mako guda aka kawo masu ɗinki da 'yan dako daga ɓangaren Benin, ƙungiyar 'yan kasuwa ta hana Ɗanjuma zama gindin maɗacin. Abokan sana'arsa biyu suka bi shi kwana goma, yunwa ta mai da su. Ba na zarginsu, mai iyali ba ya rantsuwa da tukunya. Shi kuwa kaka biyu cur ya yi yana bin kasuwannin ƙauye yana facin tsofaffin buhuna da mangalar jakai. Mutane na cewa taurin kai zai kashe shi, wai ina mai basilla ina faɗa da takardar ƙasa biyu. Iyalinsa sun sha wuya, wannan na gani da idona.

Abin da masu dariya suka manta shi ne uwar Ɗanjuma Badendiya ce daga tsallake, kuma Dendanci, yaren mutanen can, a bakinsa kamar ruwa. Bai ɗauki mutanen can abokan gaba ba. Ya ce talaka ne aka kawo ya karya talaka. Ya hau babur ya tsallaka, ya nemi Bunyaminu, shugaban 'yan dakon can. Bai yi masa wa'azi ba. Cewa ya yi, "Yaya, hau in kai ka gaisuwa." Ya goyo shi har Lafagu, har ɗakin Manu. Bunyaminu ya zauna ya ga yadda Asama'u da ƙanin mijinta suke juya ƙaton nan a kan tabarma kamar jariri. Da suka fito ya tofar da goron bakinsa ya ce, "Ana ta faɗin muna da arha. Ashe bayanmu ne arhar." Daga ranar 'yan dakon ɓangarorin biyu suka fara magana da juna.

Sai ga ranar da kwamitin ƙasashen biyu ya zo bakin iyaka duba yadda yarjejeniya ke tafiya. Jami'ai daga nan, jami'ai daga can, da tafinta, da manyan 'yan kasuwa, da alƙalin kotun shari'a da aka gayyato don albarka. Aka shiga wani ɗakin taro mai ƙofa ɗaya. 'Yan dako ba a gayyace su ba, to wa ke gayyatar jaki taron fatake?

Ashe buhun da ya karya Manu yana wurin Ɗanjuma, ya ɗauke fankon tun ranar ya adana. Ya cika shi da masarar gonarsa, ya mai da hular, ya ƙulla ƙulli uku. Shi da Bunyaminu da mutum biyu suka turo shi a kura, suka tsayar da shi cif a bakin ƙofar ɗakin taro daidai lokacin da ladan ya kira azahar. Aka buɗe ƙofa, manya suka yi cirko-cirko.

Ɗanjuma ya cire takalmi, ya rusuna kamar yadda ya kamata, ya ce, "Ranku shi daɗe, ku yi haƙuri. Buhu guda na, kamar yadda takardarku tac ce. Cikin waɗanda sunka sa hannu, wani shi kauda shi ku wuce salla."

Bunyaminu ya maimaita da Dendanci, tafinta ya juya da Faransanci yana ƙoƙarin haɗiye dariya. Wani jami'i mai jini a jika ya naɗe hannun riga ya kama kunne. Buhu ko gezau. Na biyu ya taya shi, na uku ya sa kafaɗa, suka ja shi da ƙyar taku ɗaya suna haki, rigunan sun yi fari da ƙurar masara. Ɗanjuma ya ce, "Haka ɗanmu ka hawa katako da shi shi kaɗai, sau talatin kafin la'asar. Wanga shi yak karya Manu, kuma ni niɗ ɗinka shi."

Alhaji Maliki ya fara cewa ai wannan rashin kunya ne, alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Mun bi kasuwa mun daidaita mudu don kada a tauye wa mai saye, ashe mun bar ana cika wa mai ɗauka. Addini ya hana a aza wa ma'aikaci abin da ya fi ƙarfinsa. Dabba ma an hana, balle ɗan Adam."

Kada mai karatu ya zaci an gyara babbar takarda. Ina! Cewa aka yi sai an koma manyan birane, kuma har yau ba a dawo ba. Abin da aka samu dokar tasha ce da aka rubuta da hannu a ranar, ɓangarorin biyu suka sa hannu: buhu kada ya wuce kilo ɗari, a rataye sikeli a maɗaci, wanda ya ji rauni a kan kaya mai kaya ya ɗauki jinyarsa, ko ɗan nan ne ko ɗan tsallake. Layi uku kacal. Ni dai a wurina sun fi shafi arba'in na babbar takardar amfani.

Ɗanjuma ya koma kan tayarsa. Abu na farko da ya yi, ya sa aka ɗauko Manu daga Lafagu a keken guragu, ya ajiye shi kusa da shi, ya miƙa masa basilla. Ya ce sana'ar zaune ce, ƙafa ba ta shiga. Manu ya yi wata uku yana soke yatsunsa yana zagin igiya, daga baya hannu ya faɗa. Da wannan sana'a ya aurar da 'ya'yansa mata biyu.

Malam Ɗanjuma, kai ne ka ga ƙullinka a kan buhun da ya yi ɓarna ba ka ce ba naka ba ne. Kai ne aka kora ka ƙi rusunawa, aka kawo maka kishiyoyin sana'a ka mai da su 'yan'uwa. Basilla ƙarama, mai hana tirela tashi! Babu wanda ya ba ka lambar yabo, kuma sunanka ba ya cikin kowace takarda. Amma akwai magidanta a Lafagu da Bahindi da ƙauyukan tsallake da suke tafiya masallaci da ƙafafunsu yau, ba su ma san kai ne sanadi ba.

A makon jiya ya ajiye aiki, ido ya yi hazo, ba ya ganin kafar basilla. Na je tashar ranar. Sikelin nan ya lalace tun bara, ba a gyara ba, kuma ana raɗe-raɗin wata sabuwar yarjejeniya na tafe, ita ma ba a tambayi kowa a gindin maɗaci ba. Muna zaune sai ga wani sabon ɗan kasuwa, bai san tarihi ba, ya sa an danƙara buhu har yana neman tsagewa, ya ce wa Manu ya ɗan ƙara masa ƙyalle a baki, ai ba hula ba ce, ɗan ƙari ne. Na ga Ɗanjuma ya yunƙura zai miƙe, Manu ya dafa gwiwarsa ya ce, "Zauna, Malam." Shi ba shi da ƙafar da zai jingina buhu a kai, sai ya kira ɗan dakon da zai ɗauka ya ce, "Kai ka hawa da shi. Kama kunne mu gani." Mutumin ya kama, ya yi nishi, buhu ya ƙi tasowa. Manu ya zare igiyarsa.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya haskaka idonka, ya sa ka gama lafiya. Ku kuma da kuke riƙe da alƙalami ko basilla ko sitiyari, kowa akwai bakin buhun da sai da hannunsa yake rufuwa. Su can za su ci gaba da sa hannu ba tare da sun tambaye ku ba. In aka turo muku abin da zai karya bayan wani, ku tuna abin da na ji daga bakin gurgun nan, da ƙarfi har direbobi suka waiwayo, Ɗanjuma na gefe yana share ido da gefen riga.

"Rage!"