Maganin da Aka Ɗanɗana wa Rediyo

Yayana mai aski ne. A unguwarmu ba mai kiransa da sunan yanka, kowa Rediyo yake ce masa, saboda daga buɗe shago har rufewa bakinsa ba ya hutawa. In ka zauna a kujerarsa za ka ji labarin ƙwallo, ka ji na siyasa, ka ji wanda ya sayi mota da wanda aka kora daga aiki, kafin ya kakkaɓe maka wuya ka san duk abin da gari yake ciki. Shi ne babba a gidanmu, ni ce auta. Mahaifinmu ya rasu ina 'yar firamare, da kilifa da almakashi Yaya ya riƙe ni har na zama malamar makaranta. Bai taɓa yi mini gori ba, sai dai tsokana. Yakan ce, "Auta, ki riƙa girmama gashin mutane, shi ya kai ki inda kike."

Shagon ɗan tsukuku ne tsakanin mai gyaran waya da tela. Madubi ɗaya mai tsaga a gefe, kujerar aski da aka tokare ƙafarta da bulo, benci na masu jira, da fankar da ta fi ƙara a kan iska. A nan ya tsaya da ƙafafunsa tun yana saurayi har furfura ta fito masa.

Da ciwon ya zo, a bakinsa muka fara gane shi. Sai ya ɗauko labari, ya kai tsakiya, ya tsaya yana haki kamar wanda ya hau bene da gudu. Daga nan ƙafafu suka kumbura har silifas ya daina shiga. Kwanciya ta gagare shi, sai ya jingina da bango a zaune. A babban asibiti suka ce zuciyarsa ce ta yi girma ta yi sanyi, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa yake taruwa a jikinsa. Aka rubuta masa ƙwayoyi. Muka riƙa zuwa muna bin layi daga safe har rana ta take, a gan shi a tsaitsaye a ce ya dawo wani watan. Shago ya rufe. Matarsa ta koma wankau don yara su ci abinci.

A ɗaya daga cikin waɗannan zuwan ne wata ƙaramar likita, siririya mai gilashi, ta kira mu gefe. Ta ce ana gwajin wani sabon maganin zuciya a ƙasashe da yawa, asibitin nan ma yana ciki, kuma Yaya ya dace. Ta yi mana bayani dalla-dalla, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Ta ce za a raba mutane kashi biyu, wasu a ba su maganin gaske, wasu a ba su ƙwaya mai kama da shi amma ba komai a cikinta, kuma kowa zai ci gaba da shan tsofaffin magungunansa. Ita kanta ba za ta san wanda yake shan wanne ba sai an gama.

Yaya ya ce, "To Likita, in aka gama aka ga yana aiki fa?"

Babban likitan sashen, wanda kowa yake ce wa Farfesa, yana tsaye a bakin ƙofa yana duba waya. Shi ya amsa, da murmushinsa. "Ai Malam, ku da kuka taimaka mana ku ne na farko. Kowa zai samu, har waɗanda suka sha na bogin."

A gabana ya faɗa. Da kunnuwan nan nawa na ji.

Ɗakin binciken yana bayan sashen zuciya, amma sai ka ce wata duniya ce. Sanyi ta ko'ina, kujeru masu laushi, ba layi, ba tsawa. Wata nas da muke kira Sista ita ke auna shi, ta ɗebi jini, ta sa shi ya yi tafiya a baranda tana bin sa da agogo. In ya makara ita ke buga masa waya. Yaya ya dawo gida yana cewa, "Auta, yau na zama mutum. An tambaye ni yadda na kwana, kuma aka tsaya aka ji amsa."

Ba a daɗe ba ƙafafu suka saɓe. Haki ya ragu. Ya kwanta a katifa ya miƙe kamar kowa. Ranar da ya sake buɗe shago tela ya leƙo ya ce, "An dawo da wuta ke nan, mun shiga uku da surutu." Kuma kamar yadda kowa zai zata, labarin da ya fi ja a shagon shi ne na maganin. Duk wanda ya zauna yana ɗan haki, Yaya zai kashe kilifa ya kama ƙafarsa ya danna. Haka ya kai mutane ɗakin Sista ɗaya bayan ɗaya. Sista har dariya take yi, ta ce ya fi sanarwar da suka liƙa a bango aiki.

Cikin waɗanda ya kai akwai amininsa na ƙuruciya, direban bas. Shi Direba tsoron asibiti yake yi. Ya ce, "Rediyo, ni fa ba ɓeran gwaji ba ne." Yaya ya bi shi har tasha, ya bi shi har gida, ya rantse masa cewa ko na bogin ya samu ba asara, tunda a ƙarshe kowa zai sha na gaske. Direba ya shiga ne don Yaya. Shi bai ga wani sauƙi ba, jiki sai lallaɓawa, amma Yaya kullum ce masa yake ya daure, saura kaɗan.

Aka yi shekara biyu da wani abu, gwaji ya ƙare. Aka ce maganin ya yi nasara, ya rage mutuwa, ya rage kwanciya a asibiti. Muka ga Farfesa a talabijin sanye da kwat, yana magana a wani taro a ƙasar waje, ana tafa masa. Yaya ya ƙure murya a shago yana nuna shi yana cewa, "Mutumina ne wannan! Da jinina a cikin maganar nan!"

Ziyarar ƙarshe Sista ta karɓi kwalbar da ta rage a hannunsa, ba ta ba shi wata ba. Ta ƙi haɗa ido da shi. Ƙaramar likita ce ta zaunar da mu ta ce an buɗe sirrin, shi na gaske yake sha, Direba kuwa na bogi. Sannan ta ce kamfanin da ya yi maganin bai riga ya nemi izinin sayar da shi a ƙasar nan ba, kuma ba a yarda a ci gaba da ba da na gwaji bayan an rufe bincike.

Na ce, "To alƙawarin Farfesa fa?"

Ta cire gilashinta ta goge. "Ana kan magana da su, Malama."

"Zuciyar tasa za ta jira a gama maganar?"

Ta mayar da gilashinta, ta rufe fayil ɗinsa.

Muka koma layi. Wancan layin dai na da, da tsawarsa da zafinsa. Na yi ta zarya ofishin Farfesa, kullum sakatariyarsa ta ce ya yi tafiya, ko yana taro, ko ya fita yanzun nan. Ɗakin mai sanyi aka kulle shi, da na leƙa ta taga sai na ga an cika shi da karyayyun gadaje. Wayar Sista ta daina shiga. Cikin 'yan watanni silifas ya sake ƙin shiga ƙafar Yaya.

Direba ya riga shi tafiya. Ya faɗi a tasha yana ƙoƙarin hawa mota, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Bayan an share makoki matarsa ta zo shago da rana tsaka, ina nan na kawo wa Yaya abinci, benci cike da mutane. Ba ta yi sallama ba.

Ta ce, "Rediyo, kai ka sha na gaske ko? Shi kuma ka kai shi ya yi shekara biyu yana haɗiyar gari. Kullum da safe ni nake miƙa masa da ruwa, ina yi masa addu'a a kai. Gari! Ka ce saura kaɗan. Ina kaɗan ɗin?"

Na miƙe zan yi magana, Yaya ya ɗaga mini hannu. Mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba ya tsaya da kilifa tana kuka a hannunsa, ya kasa ko kashe ta. Bayan ta fita ya ce wa wanda yake kan kujera ya yi haƙuri ya je wani shagon a ƙarasa masa.

Sai ga waya daga asibiti, wai ana gayyatar duk waɗanda suka shiga binciken zuwa taron godiya, baƙi daga kamfani za su zo. Na ce kada ya je. Ya ce zai je ko da rarrafe.

An yi wa zauren ado, an jera lemo da ruwan roba. Aka raba musu riguna masu hoton zuciya a ƙirji, aka ce su saka don a ɗauki hoto. Farfesa ya yi jawabi, ya kira su jarumai. Ya ce tarihi ba zai manta da su ba. Da ya gama ya ce ko akwai wanda zai faɗi yadda ya ji daɗin shirin, sai idonsa ya sauka a kan Yaya, don ya san shi da baki.

Yaya ya tashi da ƙyar, na riƙe shi har gaba. Bai karɓi lasifika ba. Ya jawo kujera ya ɗora ƙafa a kai, ya naɗe wando har gwiwa. Ƙafar ta yi suntum tana sheƙi. Ya danna babban yatsansa a ƙwauri, ya ɗauke, ramin ya tsaya bai ciko ba.

Ya ce wa mai hoto, "Matso, ɗana. Wannan za ka ɗauka." Ya juya ga Farfesa, yana magana yana tsayawa neman numfashi. "Ranka ya daɗe, ni ba na cewa maganinku ƙarya ne. Da ƙarya ne da na huta. Na sha, na warke, na san daɗinsa, kuka karɓe. Na kawo muku abokina da bakina. Kun ce kowa zai samu. Ya mutu bai lasa ba. Yanzu riga kuka ba ni. A ina zan sa ta? A ƙafar?"

Ɗaya daga cikin baƙin ya sunkuya yana tambayar na kusa da shi me ake cewa. Farfesa ya ce wannan ba wurin maganar ba ne, a same shi a ofis. A nan na fashe. Na ce ofishin da na yi wata da watanni ina goge masa benci? Na faɗi abubuwa da yawa, ba duka nake tunawa ba, na dai san masu gadi biyu ne suka raka mu waje, kuma wasu daga cikin marasa lafiyar sun tuɓe rigunan sun bi bayanmu.

Ƙaramar likita ce ta ɗauki maganar a kanta. Ta yi ta rubuce-rubuce zuwa kamfani da hukuma har aka ɗauke ta daga sashen aka tura ta wani wuri. Bayan kusan shekara aka aiko da maganin, wai na jinƙai, ga waɗanda suka rage da rai. Kalmar ce ta fi ƙona mini rai. Jinƙai. Kamar bara suka je yi, kamar ba da jikinsu aka tabbatar da shi ba. Yaya ya koma sha, amma zuciyar ta riga ta yi nisa. Ya ɗan samu sauƙi, ba kamar na farko ba. Sai ya sa aka yi masa doguwar kujera, yana aski a zaune, kai biyu ko uku ya gaji.

A wannan lokacin ne matar tela ta gano ƙulli a mamanta, aka ce daji ne. Asibitin suka yi mata tayin shiga wani sabon bincike. Tela ya kawo ta wurin Yaya neman shawara. Ni na riga shi magana, na ce ko kusa kada ta yarda.

Yaya ya ce, "Auta, yi shiru. In ba ta shiga ba, wane magani gare ki da za ki ba ta?" Ya dubi matar. "Ƙanwata, ki je. Amma ni zan raka ki, in tambaye su abin da zai faru ranar da suka gama da ke, kuma ba zan karɓi murmushi ba."

Bai kai ranar ba. Ya rasu da hantsi, a shago, a kan doguwar kujerar, yana jiran mai zuwa aski.

Ni na raka ta. Wani sabon ɗaki ne mai sanyi, da wani sabon likita mai fara'a. Na bari ya gama bayaninsa tsaf, sannan na tambaye shi, in maganin ya karɓe ta aka rufe bincike, wa zai ci gaba da ba ta? Ya ce gaskiya wannan ba a hannunsa yake ba, amma ana kan magana.

Na kama hannunta na ce mu tafi. Ta zare hannun a hankali. Ta ce, "Malama, yarana ƙanana ne. Ko shekara biyun ce, ina so." Ta miƙa wa nas damtsenta aka ɗebi jini, ni kuma na fita baranda na jira ta.