Mamacin da ke sa Kawu dashe

Na yi yawo, daga Agadas har Kumasi, amma ban ga mai jiran ranar mutuwar wani kamar Kawuna na Argungu ba. Manomin albasa ne a fadama, siyasa ba ta gabansa. Sai dai duk shekara, da ruwa ya ɗauke, zai rataya rediyo a kafaɗa yana dakon ranar tunawa da wani babban ɗan siyasa da ya rasu tun ina saurayi. Ranar gidan rediyo kan sa tsoffin jawabansa tun safe, dattawa su zo su yi ta yabo.

Abin ya daɗe yana cin raina, don na san Kawu bai taɓa jefa wa mutumin ƙuri'a ba. Wata rana na taso daga Birnin Kebbi, na iske shi yana ba irin albasa ruwa.

"Kawu, wai abokinka ne a ɓoye?"

"Wane aboki? Ko hannu ba mu taɓa gamawa ba. Ranar da yar rasu ina cikin dashe, kuma ban taɓa samun albasa irin ta shekaran nan ba. Watanninmu yawo sukai kamar kai, bana azumi cikin zahi, wata shekara cikin ruwa. Shi ko wanga bawan Allah, da watan Bature aka lissahinshi, ranarshi ba ta motsi. In na ji an hwara yabonshi, gobe dashe."

Na yi dariya har hulata ta faɗi. Bai kula ni ba.

Bara waccan sai gidan rediyon bai yi shirin ba. An ce tsohon mai gabatarwar ya yi ritaya, yaran da suka gaje shi kuma ƙwallo suka sani. Kawu na ta jira. Maƙwabta suka gama dashe, irinsa ya yi tsawo har yana kwanciya, shi ko ya kafe sai ya ji. Da abin ya ishe shi ya kira ni a waya.

"Sarkin yawo, wai mutumin ga bana bai mutu ba?"

Na duba wayata, ranar ta wuce da nisa. Ya yi dashen a makare, albasar ta fito ƙanana kamar goro, a kasuwa ko kallonta ba a yi.

Tun daga nan aikin ya dawo kaina. Ko ina Kano, ko kan hanyar Kamba, in ranar ta zo nakan kira shi da safe.

"Kawu, ya haƙuri?"

"Sai godiya. Allah shi jiƙanshi."

Bana ya ƙara da cewa, "Wai ma mi yay yi ma mutane da aka yabonshi haka?" Na gyara zama zan fara ba shi tarihi, sai na ji ya ajiye wayar bai kashe ba, yana ce wa masu aiki gobe kowa ya yi sammako.