Jibrin da Doguwar Rijiya

Jibrin mutumin Gangara ne, siriri kamar karan gero, mai tafin hannu sumul, don bai taɓa riƙe abin da ya fi ludayin fura nauyi ba. A shekarun nan bayan yaƙin Jamus, Nasara na ɗibar mutane aikin hanya, kuma duk wanda rani ya same shi zaune a inuwa, shi mai gari ke fara nunawa. Jibrin ya ga yatsa na matsowa, ya tashi neman aiki.

Ya sami Aghali, Buzu mai raƙuma a wajen Belbeji, yana neman mai jan ruwa. Aghali ya juya hannunsa, ya ce, "Wannan hannun jariri ne. Je ka, igiya ta ci shi tukuna."

Sai Jibrin ya nufi Inna Asibi, tsohuwa mai jaki ɗaya da 'yar rijiya a kwari.

"Inna, koya mini jan ruwa."

"Ɗan nan, ai ka zo gidan sani," in ji ta, tana ɓoye dariya a gyale.

Ta shimfiɗa tabarma. Shi kuwa ya yi ta kora jaki mai jan igiya, guga na fitowa, ya juyo. Ya shayar da awakinta, da na ƙawarta, da na wata da ko gaisawa ba sa yi. Hannu ya yi kanta.

Ya koma, Aghali ya ba shi akala. Rijiyoyin can kuwa, in ka leƙa, ruwan kamar tauraro yake a nesa. Jibrin ya ja raƙumi, da ya kai tsawon igiyar Inna, ƙafarsa ta juyo da kanta. Guga da ke tsakiyar hanya ya koma ƙasa. Ya sake, ya sake juyowa. Raƙuma na kuka a bakin kwamin shan ruwa, makiyaya na birgima don dariya.

"Kai Bahaushe, ruwan kake kai wa ziyara?" in ji Aghali.

"Ranka ya daɗe, rijiyar ce ta yi yawa."

Aghali ya goge hawaye da bakin rawani. "Saki akalar. Raƙumin ya san wurin juyawa, kai dai bi shi."

Haka ya sami aikin. Da yaran mai gari suka zo ɗibar 'yan aikin hanya, sun tarar da shi yana bin raƙumi da gumi, suka wuce. Har ya tsufa yana rantsuwa shi ya koya wa dabbar nan aiki.