Allurar da Maharazu ya raba da bijimai

Maharazu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka ina da bakin faɗa. Mutumin Bugaje ne, ya taso yana dako a bakin iyakar Jibiya, yana sauke buhunan masara daga wannan mota zuwa waccan. Idan kaka ta yi, sai ya ɗaura warki ya shiga filin kokawa. Ƙarfinsa na tuwo ne da fura, kuma ya ishe shi.

Sai wata shekara wani ɗan kokawar Maraɗi ya kayar da shi a gaban jama'a. Wa bai taɓa faɗuwa ba? Shi kuwa ya ɗauki abin da zafi, ya nufi kara, kasuwar shanu, wurin Lawwali, mai yi wa dabbobi allura.

Lawwali bai san ƙofar makarantar likita ba. Sana'arsa ita ce tsira wa bijimin kiwo allurar da ke sa shi ya murje kafin ranar kasuwa. Yadda yake auna sa, haka ya auna ɗan'uwana: ya dafa masa kafaɗa, ya matsa cinya, ya ce, "Wanga rabin na bijimi ya ishe shi." A nan cikin kashin shanu Maharazu ya zame wando.

Shi dai bijimi wata uku ake yi masa, a kai shi mahauta. Maharazu shekara bakwai ya yi yana karɓa. Ya cika ya batse, wuya ya haɗe da kafaɗa, bayansa duk ƙuraje masu ruwa, ga wani warin gumi da sabulu ba ya fitarwa. Abu kaɗan ya hau matarsa Zulfa da faɗa. Amma yana kayar da maza, makaɗa suna wasa shi, wa zai gaya masa ya ji?

Da haki ya fara tsayar da shi da buhu a ka, na ja shi asibiti a Katsina. Likita ya ce jininsa ya hau, ya yi kauri, zuciyar ta kumbura ta gaji, in bai daina ba zai rasa ransa ko rabin jikinsa. A mota na roƙe shi don darajar mahaifiyarmu. Ya ce, "Yaya, likita bai san kokawa ba. In na bari, mi zan zama?"

Bara, da hantsi, ya yanke jiki ya faɗi a gindin mota. Shekararsa talatin da huɗu. Ɓarin hagu ya shanye, ƙafafu sun kumbura, Zulfa ce ke yi masa alwala.

Makon jiya na kai masa kunu. Ya ɗaga mataccen hannun da mai lafiyar, yana kallon yadda ya tsotse. Na zaci nadama ce ta zo, har na matso kusa don in ji, saboda bakin ya karkace.

Ya ce, "Dubi yadda na rame, Yaya. Ki biya kara ki ce ma Lawwali ya zo da allurar gida."