Goggon Rediyo da Shekarar Ambaliya

Haihuwa da karatu

An haifi marigayiyar da aka fi sani da Goggon Rediyo a shekarar 1949, a wani gari da ke gaɓar kogi. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa tela. Ta shiga firamare a 1956, ta kammala makarantar koyon sana'a a 1968 da shaidar ƙwarewa a fannin lantarki.

Aiki da aure

A 1969 aka ɗauke ta aiki a tashar hasashen yanayi, inda shugabanta, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya lura da hazaƙarta ya mallaka mata tsohuwar rediyonsa mai aikawa da karɓar magana. Ta samu lasisin amfani da ita a 1971. Bayan shekara biyu ta auri wani malamin makaranta, wanda ya sallama mata rabin ɗakin baƙi ta kafa teburin gyara. Da yake ƙaurin dalma ba ya yankewa a gidan, yakan ce wa abokansa, "Kowa matarsa abinci take dafawa, ni tawa rediyo."

Ambaliyar 1988

A daminar wannan shekara ruwa ya karya gada, ya tsinke wayoyin tarho da na lantarki, jama'ar unguwannin ƙasa suka fake a kan rufin gidajensu. Rediyonta, da ta jona da batirin mota, ita kaɗai ce hanyar neman agaji. Sai dai da zarar ta danna za ta yi magana, sai tiransistan da ke ƙarfafa murya ya ɗau zafi har yatsa ba ya iya taɓa shi, magana ta yanke. Ta sauya shi da guda ɗayan da ya rage mata, shi ma ya soma turiri. Maigidanta, da ke tsaye yana yi masa fifita, ya ce ko dai duk jabu ne.

"Ba laifinsa ba ne, maigida," in ji ta, "kaya ake jibga masa."

Ta bi wayar eriya da hannu har saman rufi, ta tarar ruwa ya shiga mahaɗarta, shi ya sa ƙarfin da ake turawa sama yake dawowa ya dafa tiransistan. Ta yanke inda ya jiƙe, ta gasa ƙarfen liƙa dalma a garwashi ta sake haɗawa, ta rage ƙarfin na'urar, ta riƙa magana a taƙaice. Wani mai kantin magani a gari mai nisa ya ji kiran a rediyonsa, ya amsa mata, ya sanar da hukuma, kuma kafin faɗuwar rana jiragen ruwa suka iso.

Shekarun ƙarshe

Ta yi ritaya a 2004, ta duƙufa wajen koyar da gyara kyauta. In aka yabe ta, takan mayar da godiya ga Allah, sannan ga mai kantin maganin da bai kashe rediyonsa ba. Ba su taɓa ganin juna ba sai a 2006, a harabar wani asibiti, inda ta ji wani tsoho yana tambayar hanya, ta shaida muryarsa.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2019 bayan gajeriyar jinya. Aka yi mata sutura a maƙabartar kan tudu, kuma cikin waɗanda suka ɗauki makararta har da mutanen da aka sauko da su daga rufi suna jarirai. Ta bar babbar 'yarta likitar ido, da mai bi mata direban jirgin ƙasa, da autanta mai sayar da littattafai, da jikoki tara. Allah ya jiƙanta.